Tambayoyinku: Waya ta cinye mana gida, kuma maigida ne kan gaba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Unguwar Dosa, a gidan haya na bene wanda ba shi da tsakar gida sai ɗan filin da ake ajiye motoci. Babban ɗana shekararsa 14, mai bi masa mace ce 'yar shekara 11, sai mai 7, sai autar da ba ta cika uku ba. Da sun dawo daga islamiyya kowa sai ya nemi lungunsa, babban da wayarsa, na tsakiya biyu suna rigima a kan tawa, ita kuwa autar ba ta buɗe baki ta karɓi abinci sai an kunna mata katun. Na taɓa ƙwace wayar babban na kulle a durowa kwana uku, ya daina yi wa kowa magana, har babansu ya ce in mayar masa. Shi kansa maigidan daga sallar isha'i har sha biyun dare yana kan WhatsApp, ga shi likita ya ce jininsa ya fara hawa. Ta ina zan fara?
Wata uwa, Unguwar Dosa, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya ba maigida lafiya. Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne gidan da kika ce ba shi da tsakar gida, domin a ganina daga nan matsalar ta samo asali. Mu da muka tashi a gidajen da ke da zaure da tsakar gida, ba wanda ya taɓa ce mana mu motsa jiki. Aike zuwa kasuwa, jan ruwa a rijiya, langa da wasan ɓuya a ƙofar gida, gaɗa a dandali idan farin wata ya fito, su ne suka riƙa gajiyar da mu har barci ya kwashe mu. Yau an rufe yara a ɗaki saboda tsoron mota da tsoron mugun mutum, wanda tsoro ne mai dalili, sai waya ta shigo ta tarar da wuri a buɗe ta zauna. Shi ya sa kulle wayar a durowa bai yi aiki ba, don kin ɗauke wa yaron abin da yake cika yammacinsa da shi, ba ki ba shi wani a madadinsa ba.

Ki fara da babansu, amma cikin hikima, kuma ba a gaban yara ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yaro mai shekara 14 ba zai girmama dokar da yake ganin mahaifinsa yana takawa kullum ba. Kada ki kawo masa maganar a matsayin ƙorafi. Ki ɗora ta a kan hawan jinin da likita ya ambata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, wato kamar tafiyar ƙafa da sauri ta rabin awa sau biyar a mako, irin tafiyar da numfashi zai ɗan ɗaga amma mutum yana iya magana. Irin wannan tafiya tana taimakawa wajen sauko da jini, sai dai ba ta maye gurbin magani, kuma ya kamata ya sanar da likitansa kafin ya ɗauki wani abu mai nauyi. Idan ya ga kamar fita tare da iyali bai dace da girmansa ba, ki tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu.

Ga yara masu shekara 5 zuwa 17, hukumar ta ce a samu kimanin awa ɗaya a kullum na wasan da zai sa su haki da gumi. Ba lallai a yi awar a lokaci guda ba, kuma ba ta buƙatar kuɗi. Idan islamiyyar ba ta da nisa kuma hanyar tana da aminci, a daina ɗaukar musu Keke Napep, babban ya riƙe hannun ƙannensa su taka. A riƙa aikensa shago, ya bi babansa masallaci a ƙafa, ya wanke mota, ya yi shara. Wancan filin motocin ma ki sake dubansa da kyau: da gawayi ɗaya za a zana 'yar gala-gala a siminti, igiyar tsalle kuma ba ta da tsada, kuma da zarar 'yarki ta fara, za ki ga 'ya'yan maƙwabta sun sauko ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar da sassafe ku je Dandalin Murtala, inda mutane maza da mata suke zagaye suna motsa jiki kafin rana ta take. Akwai wata fa'idar da iyaye ba su cika sani ba: binciken da aka yi a makarantun Sin da Taiwan ya nuna cewa yaran da suke daɗewa a waje cikin hasken rana ba su cika kamuwa da matsalar ido ta rashin ganin abin da ke nesa ba, wadda ke kai yaro ga sanya tabarau.

Doka kuwa, biyu sun isa da farko, kuma su hau kan kowa har ke da maigida. Ba waya a lokacin cin abinci, sannan awa ɗaya kafin kwanciya a tara wayoyi duka a falo a sa su caji a can. Hasken waya da daddare yana jinkirta sinadarin da jiki ke fitarwa don kawo barci, ga kuma bidiyon da ke jawo wani bidiyon, alhali matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma ga asuba ga makaranta. Akwai manhajar Family Link a wayoyin Android da za ki iya ƙayyade wa babban ɗanki lokaci da ita, amma ki zauna da shi ku yanke adadin tare, don yaran yanzu sun fi mu sanin kan waya, kuma abin da aka ɗora musu a ɓoye sukan gano hanyar kauce masa.

Batun autar ne ya fi gaggawa, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Shawarar hukumar ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yarinyar da ake ɗura wa abinci idonta na kan katun ba ta sanin lokacin da ta ƙoshi, kuma tana rasa hirar da harshenta ke buɗewa da ita. Ki shimfiɗa tabarma, ki zaunar da ita tsakanin yayyenta, ki zuba mata a ɗan kwanonta ta ci da hannunta ko da za ta ɓata riga. Za ta yi kuka, wataƙila ta ture kwanon a ranar farko da ta biyu. Kada ki biye mata da biskit ko lemo a tsakani, ki ɗauke kwanon ba tare da faɗa ba, ki sake kawo mata idan lokacin ci na gaba ya yi.