Wace manhaja ce ta fi ba da kuɗin ruwa?

Tambaya: Ina da naira 100,000 da nake so in ajiye ta waya, inda zan cire duk sanda na ga dama. Wata manhaja ta ce kashi 15, wata kuma da aka turo mana a WhatsApp ta ce kashi 1 kullum. Wacce zan ɗauka? (Mai shago, Kantin Kwari)

Amsa: Alhaji, kai da kake lissafin yadi da ka, yaya za ka bari lamba a fuskar waya ta ruɗe ka? Kashi 15 ɗin nan na shekara ne. A kan 100,000 ɗinka, naira 15,000 ke nan a wata 12, wato 1,250 a wata, kusan naira 41 a rana. Kuma ka duba ko adadin na ajiyar da ake kullewa ne, domin manhajoji sun fi son tallata wannan da manyan baƙaƙe, na asusun cire-ka-saka kuwa yana can ƙasa.

Ita kuwa mai kashi 1 kullum, kashi 365 take nufi a shekara. Wace sana'a ce ke kawo haka? An sha ta a damfarar zuba kuɗi ta MMM cikin 2016, an sake sha a ta CBEX cikin 2025, amma har yanzu da zarar an turo hoton alat sai hankali ya tashi. Sauke manhaja daga Play Store ba shaida ba ce. Taurari biyar ma sayensu ake yi.

Ni kafin in kalli kashi, sunan kamfanin nake fara nema a shafin Babban Bankin Najeriya da na hukumar inshorar ajiya ta NDIC. Tun 2024 inshorar tana biyan har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe, miliyan 2 a ƙananan bankuna na microfinance. In babu sunan, goge manhajar. Sannan ka tuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, don haka mai karɓar kashi 15 a lokacin raguwa kuɗinsa suke yi yana murna.

Tambaya: Bankina bai saka min komai ba a watan jiya. Wayata ce ta samu matsala? (Wata malamar makaranta, Zariya)

Amsa: Malama, ki bar wayar ta huta. A ƙa'idar Babban Banki, wanda ya cire kuɗi fiye da sau 4 a wata daga asusun ajiya ba dole a biya shi kuɗin ruwan watan ba. Buɗe asusu na biyu don katin waya da cefane.

Tambaya: Ba na son riba, wato kuɗin ruwa. Ina mafita? (Ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: Jaiz, TAJ da Lotus ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kuma duk suna da manhaja. Tambaye su asusun mudaraba, wanda banki ke juya kuɗinka a kasuwanci ku raba abin da aka samu. Hukuncin sauran kuwa, sai ka je wurin malaminka.