Silikon ta saiwa yake shiga, kuma kafin cuta ake sa shi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko feshin silikon, sinadarin nan da ke taurara jikin shuka, zai tsayar da cutar da ke cin ganyen shinkafarka, mai tabo kamar ido, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ruwan ƙasa. Wannan ita ce bilas, cutar fangas ce. Tunda ta riga ta bayyana, nemi maganin fangas ka fesa kafin ta hau wuyan zangarniya, don in ta kama wuyan, tsabar ba za ta cika ba. Silikon ba ya warkar da ganyen da ya kamu.

Ni ma da feshi na fara, bayan na ga tabo, kuma ban ga wani bambanci ba. Daga baya na gane dalili. Shinkafa na shan silikon fiye da yawancin amfanin gona, yakan kai kashi 10 cikin 100 na busasshen jikinta, kuma saiwa ce ke zuƙo shi daga ƙasa. Yana hawa ya taru a ƙarƙashin fatar ganye ya taurara ta. Shi kuwa fangas ɗin sai ya huda wannan fatar kafin ya shiga. Silikon da aka fesa kuwa, mafi yawansa a saman ganye yake tsayawa, ruwan sama ya wanke shi.

Shekara huɗu ke nan ina zuba tokar buntun shinkafa, saboda silikon da ke cikinta, a gadon iri da kuma cikin gona kafin dashe. Ganyen yakan miƙe tsaye, ka shafa ka ji kaushi, kwanciya ta ragu, tabon ma in ya fito ƙanana ne, ba ya bazuwa kamar da. Ka ƙona buntun a hankali ya tsaya baƙi-baƙi, don wuta mai tsananin zafi na sa silikon ɗin ya ƙi narkewa. Yashi ma silikon ne, amma shuka ba ta iya shansa, kada ka wahalar da kanka. A Japan, tun shekarun 1950 manoma ke zuba dattin da ke saura bayan an narka ƙarfe a gonakin shinkafa saboda silikon da ke cikinsa.

Sai kuma uriya, don Allah ka lura. In ta yi yawa ganyen yakan yi taushi, bilas ta samu hanya, tokar ma ba za ta iya tare ta ba. Raba uriyar kashi biyu ko uku. Nawa ka zuba bana, kuma wane iri ka shuka?