Amsar tambayarka kan wajen bikin 'yan Indiya

To yarona na ga saƙonka, ka ce wani ɗan Indiya ya ba ka aikin nemo inda za a yi bikin 'yarsa, kana tambaya hol ɗin otal za ka kama ko lambu ko fili a kafa kanofi. Kar ka biya kuɗin ko ina tukuna. Koma ka tambaye shi wane addini suke bi, kuma daga wane yanki na Indiya suka fito, don mu nan Kano fim ya sa muna yi musu kuɗin goro, alhali bikin ɗan Gujarat daban, na ɗan Punjab daban.

In Hindu ne to wuta ce uwar bikin gaba ɗaya. Za a kafa rumfa mai ginshiƙi huɗu, mandap suke ce mata, a tsakiyarta a hura wuta cikin wani ɗan kaskon ƙarfe, malaminsu yana zaune yana karatu yana zuba man shanu a ciki, ango da amarya su zagaye ta, wasu sau 7, 'yan Gujarat galibi sau 4. Hayaƙi kuwa sai ya tashi. Saboda haka kana shiga hol ka ɗaga kai ka duba silin, in ka ga na'urar nan mai jin hayaƙi da masu feshin ruwa to ka zauna da manaja ya faɗa maka ƙarara ko sun yarda a kunna wuta, kuma ya rubuta a takarda, don baki kawai ranar biki sai ka ji an ce ai ba haka aka yi ba. Silin ɗin ma ya zama da tsayi, ƙarƙashin kaskon ka shimfiɗa faranti ko tayil saboda kafet ɗin mutane.

Sai zuwan ango, baraat. Wannan kamar hawan angonci ne, galibi a kan farar goɗiya yake zuwa, danginsa na gaba ana buga ganga ana rawa, tafiyar da za ka yi a minti biyar su sai su ci awa guda a kanta. Wajen da ƙofarsa ke bakin titi babu harabar kirki, manta da shi komai kyansa.

Abin da yara irinku ke mantawa shi ne lokaci. Malamin ne ke duba taurari ya tsayar da sa'ar ɗaurin auren, tana iya faɗawa tsakar dare ko da asuba, kai kuma ka kama wajen da ke kashe janareto sha biyu. Ka yi maganar dizal da masu gadi tun yanzu. Haka kicin, da yawansu ba sa cin nama sam kuma da kukunsu za su zo, in mabiya addinin Jain ne ko albasa da tafarnuwa da dankali ba sa taɓawa, otal da yawa kuma ba sa barin kukun waje ya shiga musu kicin, ka ga dole ka sani kafin kuɗi ya fita.

In mabiya addinin Sikh ne ka huta, a wurin ibadarsu da suke kira gurdwara ake ɗaura nasu, tun 2023 ma hukumar addininsu ta Akal Takht da ke Amritsar ta hana kai littafinsu mai tsarki wuraren shaƙatawa da bakin teku don biki, wajen liyafa kaɗai za ka nema. Musulminsu kuwa ɗaurin aure da walima ne, ka san hanya.

Ni dai a nawa ganin otal mai ɗakunan kwana da lambu da hol a haɗe ya fi, don bikin kwana biyu zuwa uku ne, ga lalle, ga daren rawa mai son dandamali, ga ranar shafa wa ango da amarya kurkum, wanda in ya taɓa farin ƙyalle ko kujera to ya zauna kenan, shi a lambu kan ciyawa za ka kai shi. In bikin ya faɗo damina hol ɗin ya zama na ko-ta-kwana, in hunturu ne ka kare mandap ɗin daga ɓangaren da iska ke busowa saboda wutar. Ka tambayo min yawan baƙi da ranar, jibi mu je mu duba wurare biyu tare.