Amsa ga mai son dawo da karatunsa na addini gida

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce ka yi shekara biyu kana karanta addini a Masar, kuɗi sun gagara saboda faɗuwar naira, kana so ka dawo Jos ka ɗora daga aji uku na jami'a, ko zai yiwu? Bari in ba ka nawa labarin, don ni ma irin hanyar na biyo.

A Khartum nake lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ina ƙarshen shekara ta biyu, aka kwaso mu ta Masar muka dawo da jaka ɗaɗɗaya. Ni ma a kaina aji uku zan shiga. Ranar da na zauna gaban wani malami a sashen da nake nema ya ɗauki takardar makina ya ajiye kusa da jerin kwasa-kwasansu, yana bi da biro ɗaya bayan ɗaya, Fiƙihu ya yi daidai, Ulumul Ƙur'an ya yi, Musɗalahul Hadis ya yi har da rara, sai ya ɗago ya ce "ina GST ɗinka, darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke yi? ina tarihin Musulunci a Afirka ta Yamma, su jihadin Shehu na 1804?" Babu ko ɗaya. Aji biyu aka ba ni. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba, amma daga baya na gane ba shekaru suke ƙirgawa ba, darussa suke gwadawa da nasu, kuma da Turanci ake koyar da yawancinsu, abin da ya fi wahalar da ni kenan a zangon farko.

Saboda haka kar ka baro Alƙahira sai takardar makinka tana hannunka da hatimi, ka haɗa da bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa da awanninsa, a fassara su zuwa Turanci a inda aka yarda da shi. Ni da na taho babu, wata bakwai ina bin wani ta WhatsApp kafin na same ta. Kai da ke zaune lafiya ba ka da uzuri.

Sai sakamakon sakandare, kiredit biyar har da Turanci. Na NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, ma ana karɓa, amma ka tambayi sashen da kanka. In kana da NCE ko difloma tun kafin ka tafi, to DE ta JAMB, wato shiga jami'a kai tsaye da waccan takardar, ta fi maka sauƙi, ita ma dai aji biyu za ta kai ka. Kowace ƙofa ka bi, ka tabbata JAMB ta san da shigarka, in ba haka ba ranar tafiya bautar ƙasa za ka ji a jikinka.

Batun kwas kuma, nan mutane suke ruɗewa. Nazarin addinin Musulunci zalla daban, wanda aka haɗa da ilimin koyarwa daban, in koyarwa kake so ka yi to na biyun ya fi, don zai sauƙaƙa maka rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Larabci ma kwas ne mai zaman kansa. Kuma don Allah kar wani ya ce maka karatun addini zai mai da kai lauya, wannan sai ka shiga tsangayar shari'a ka wuce makarantar horar da lauyoyi.

Kar ka tsaya kan Jami'ar Jos kaɗai, ka leƙa BUK da ta Ɗanfodiyo a Sakkwato. In kuma aiki za ka haɗa da karatu akwai NOUN, jami'ar karatu daga gida, suna da cibiya a nan Jos.

Shekara nawa ma ta rage maka ka gama can? In biyu ce kuma 'yan'uwa za su iya haɗa maka, ka lissafa sosai, don nan uku za ka yi, ban da yajin aiki.