Bar maganar fenti, je ka duba allon baya

Kai yaro, ajiye samfefar nan ka zauna. Tun safe kake bina da hoto a waya, wai ka samu tsohon jirgin ruwa na faiba (zaren gilashi da aka daskarar da gam) mai inji, ƙafa 16, ya yi shekaru a kan tirela ƙarƙashin bishiya, mai shi ya gaji da ganinsa, kai kuma kana so ka riƙa gyara shi a ranakun hutu don sha'awa. Sai ka ce min, "Maigida, da inji zan fara ko da fenti? Wane launi zai fi masa kyau?" Launi! Shekara 3 kana hannuna, abin da ya fara zuwa bakinka ke nan. Na so in ƙyale ka ka je ka sha wuyarka, amma tambayar ta taɓo min wani tsohon miki, don haka saurara, kuma ba zan maimaita ba.

Tun da faiba ta kori katako a ƙananan jirage wajen shekarun 1960, mutane suka ɗauka sun rabu da ruɓa. Faiba kam ba ta ruɓewa. Amma mafi yawan jiragen wancan zamani katako ne ƙashinsu, faiba fata ce kawai. Allon baya inda ake rataya inji filawud ne aka rufe ciki da waje. Dogayen haƙarƙarin da ke kwance ƙarƙashin daɓe, daga gaba zuwa baya, katako ne. Daɓen da kake takawa shi ma haka. Duk wanda ya taɓa huda allon nan ya ɗaura tsani ko wata na'ura bai toshe ramin da kyau ba, ya buɗe wa ruwa ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Ruwan da ya shiga tsakanin fata biyu kuwa ba shi da hanyar fita. Yana nan yana cin katakon shekara da shekaru, waje na ta ƙyalli.

Ni ma na san wannan a lokacin da abin ya same ni, shi ya sa har yau yake min ciwo.

Sama da shekara 20 ke nan, lokacin sunana ya fara fita, wani mutum ya jawo min jirgi mai ƙafa 17 da inji mai ƙarfin doki 115. Mutum ne mai sanyin murya, mai yawan gaisuwa. Ya ce jirgin mahaifinsa ne, yana so ya dawo da shi yadda yake don 'ya'yansa su hau. Abu biyu kawai yake buƙata, a tayar da inji, a yi fenti. Jiki, in ji shi, lafiya lau, ba da daɗewa ba aka duba. Na zagaya jirgin na ga wani faffaɗan farantin alminiyam a manne a allon baya, daidai inda inji ke zama. Na tambaya, ya ce ado ne, don kada ƙafar inji ta goge fenti. Na yi shiru. Muka yi jinga, kuɗi ɗaya a dunƙule, ya ba da ɗan kafin alƙalami, sauran sai an gama. Ban rubuta komai ba. A lokacin gani nake mutum mai irin wannan fara'a ba ya cuta.

Mako 7 na yi a kan jirgin nan. Na sauke injin, na buɗe shi, na sa sababbin ringi da boris, na wanke kabureta ɗaya bayan ɗaya. Jikin kuwa na goge shi har yatsuna suka daina jin komai, na fesa fenti mai shuɗi da fari wanda har mutane ke tsayawa kallo. Da kuɗina na sayi yawancin kayan, tunda kafin alƙalamin bai kai ko'ina ba.

Ranar da zan mayar da inji, ina ɗaure notin ƙasa na hagu, sai na ji sifana tana ta juyawa ba ta tsayawa. Noti in ya kama, hannu kan ji shi. Wannan sai tafiya yake kamar ana matsa soso. Na leƙa ciki na ga washa ta nutse cikin faiba, ta yi wa kanta gurbi, ga wani ruwa ja-ja mai wari yana tsattsafowa daga ramin, yana gangarowa a kan sabon fentina. Da idona na gani. Ka san abin da na yi? Na sa tsumma na goge, na nemo washa mai faɗi na sa. Don na gaji, don na riga na yi wa mutumin alkawarin rana, don in na buɗe bakina aikin mako 7 zai koma baya. Ɗan hakin da ka raina.

Muka kai shi ruwa gwaji, ni da shi da wani yarona. A hankali lafiya. Da na ƙara wa injin mai, jirgin ya ɗaga hanci zai hau saman ruwa, wato daidai lokacin da inji ke tura allon baya da duk ƙarfinsa, sai na ji "ƙaƙas!" a bayana. Na waiwaya na ga kusurwar allon ta ɓalle, injin ya karkace ya kwanta, kansa ya shiga ruwa, wayoyin sitiyari da tiyon mai ne kaɗai suka riƙe shi. Ruwa ya fara shigowa. Da bokiti da filafili muka kai gaɓa, Allah ya kiyaye ba mu yi nisa ba. Da na cusa hannu cikin tsagar, abin da na damƙo baƙi ne, jiƙaƙƙe, yana marmashewa kamar takin lambu. Babu katako ko kaɗan. A gefen tsagar kuma ga filar fanal bita, irin ta jikin mota, an cusa an shafe an yi fenti a kai, farantin nan na ado ya rufe komai.

A nan gaɓa, tufafinmu na ɗigar ruwa, mutumin nan mai sanyin murya ya dube ni ya ce na kashe masa jirgin mahaifinsa. Wai ni na matse noti fiye da kima. Wai lafiya ya kawo min. Ya ce ko in gyara, ko kowa ya ji irin aikina. Ni kuma ba ni da takarda, ba ni da shaida, kuma a raina na san na ga ruwan nan na goge. Daren nan ban yi barci ba, don injin da ya sha ruwa ba ya jira. In ba ka fitar da ruwan ka tayar da shi cikin 'yan sa'o'i ba, tsatsa ta kama boris da kiranshaf, shi ke nan. Na ceto injin. Sannan na sake allon baya gaba ɗaya, da haƙarƙari biyu, da rabin daɓe, duk daga aljihuna, wata 2 ban karɓi wani aiki ba. Ya zo ya ja jirginsa, ya ce sauran kuɗin ai sun tafi a ɓacin ran da na jawo masa. Bayan wata ɗaya ya sayar. Daga baya wani da ya taɓa yi masa aiki ya gaya min ba jirgin mahaifinsa ba ne, saye ya yi da araha, kuma wani mai gyara ya riga ya gaya masa allon ya mutu, shi ya sa ya sa aka rufe ya kawo min. Wato ya auna ni ne ya ga yaro mai son suna. Har yau in na ga mai yawan gaisuwa ya jawo tirela, sai na ji cikina ya juya.

To kai da kake tambayar launi, ga abin da za ka yi kafin ka ba mai jirgin ko sisi. Ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa ka danna da duk nauyinka, ko ka taka ta, wani ya tsaya yana kallon allon. In ya motsa ko da kaɗan, in ka ga tsaga kamar saƙar gizo a kusurwoyi, ka samu amsa. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi allon kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayye kan amsa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "dum", kamar ka bugi katifa. Kwance noti ɗaya na ƙasa, ka cusa waya mai lanƙwasa ka sosa cikin ramin. In mai shi ya yarda, ka huda da ƙaramin diril daga ciki, can ƙasa, ba tare da ka fasa fatar waje ba, ka dubi garin da ya fito. Fari busasshe, madalla. Baƙi mai danshi, ka rage kuɗi ko ka kama hanya. In kuma ya hana ka taɓawa, ya riga ya gaya maka gaskiya. Na san akwai na'urar auna danshi, ku yaran yanzu ba ku yarda da komai ba sai mai batir. Ka aro in kana so, amma ƙarfe da wasu fentin ƙasan jirgi kan ruɗe ta, garin diril kuwa ba ya ƙarya.

Sannan ka bi daɓen da dunduniya, taku-taku, musamman kusa da kujeru. Ƙarƙashinsa akwai soso da ake zubawa don jirgi ya yi iyo ko ya cika da ruwa, a Amurka tun shekarun 1970 doka ta wajabta wa jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba. In ya tsufa yakan sha ruwa, kuma ba ya bushewa, ko ka shanya shi shekara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Na taɓa haƙo soson da sai da mutum biyu suka ɗaga buhunsa, mai jirgin kuwa yana ta zagin inji wai ba ya gudu.

In ka ga ruɓa kuma ka nace sai ka saya, don na san taurin kanka, to ka tallafe jikin jirgin da kyau daga ƙasa kafin ka yanke komai. Da zarar ka cire daɓe da haƙarƙari, faibar kan saki, in ka manne sababbi a kan karkataccen jiki, a karkace zai yi ta tafiya har ya mutu. Ka yanke fatar ciki ta allon baya, ta waje ka bar ta, ita ce ma'auninka. Ka kankare har ka ga faiba tsabtatacciya. Filawud na ruwa za ka sa, mai kaurin milimita 18, biyu a manne, ka shayar da shi ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga, ta ko'ina, gefuna musamman, don ta nan yake sha. Ifoksi na kama tsohuwar foliyesta, wato gam ɗin da aka yi jikin jirgin da shi, da kyau, foliyesta kuwa ba ta kama ifoksi sosai, kada ka juya su. Ramukan noti ka huda su da faɗi, ka cika da ifoksi mai kauri, in ya daskare ka sake huda daidai girman notin, yadda ruwa ba zai taɓa ganin katako ba. Ka rufe hancinka da abin kirki lokacin gurza, ba ƙyallen da kake ɗaurawa ba. Yadda ake dama rezin, wato gam ɗin, da shimfiɗa zaren faiba kuwa, in har yanzu sai na gaya maka, to ka canza sana'a.

Inji ba zan ɓata bakina a kansa ba. Ka auna kwamfireshon, wato ƙarfin matsin iska a cikin silinda, kada bambancin silinda da silinda ya wuce kashi 10 cikin 100. Ka kwance sukurun man giya na ƙasa, in ya fito fari kamar madara ruwa na shiga. Ka sake robar famfon ruwa ba tare da ka tambayi kowa ba, kuma in na ji ka tayar da shi a busasshe don ka ɗauki bidiyon ƙararsa, ni da kai ne, cikin daƙiƙoƙi robar ke ƙonewa. Abu ɗaya da ba za ka sani ba shi ne maganar kaya. Na ga a hoton Johnson ne. Kamfanin OMC da ke yin Johnson da Evinrude ya durƙushe a shekarar 2000, waɗanda suka saya kuma suka daina ƙera Evinrude a 2020. Ana samun fulogi da roba da kayan kabureta, amma ka nemi lambar injin ka tabbatar akwai kayan wutarsa kafin ka ƙwallafa rai. Tiyon mai duk ka zubar. An yi su ne kafin a fara gauraya fetur da itanol, shi kuwa yana cin tsohuwar roba, yana jan ruwa, har tsohon tankin faiba yakan narkar. Kuma kada ka kuskura ka sa wa jirgi kayan wutar mota a wurin da tururin fetur ke taruwa. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne kun kalli wani a intanet ya gama jirgi cikin minti 12, da kiɗa a baya, kun ɗauka haka abin yake. Ba ya nuna muku watannin da ya yi a durƙushe cikin ƙura, jikinsa na ƙaiƙayi, ba ya nuna muku nawa ya kashe. Kowane lokaci da kuɗi ka lissafa, ka ninka biyu, kuma kada ka sa ran in ka sayar kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Tunda don sha'awa ka ce, to, sha'awar ce ribarka. Rabin jiragen da ake jawo min a buɗe, an yanke daɓe an gudu, na masu sha'awa ne irinka.

Gobe in mun tashi ka ɗauki ƙaramin diril ɗina, ba sabon ba, tsohon. Ka huda wuri 3 a allon, ka zuba garin kowanne a takardarsa daban, ka rubuta inda ka ɗebo, ka kawo min in murza da yatsana. In fari ne, ni da kaina zan ara maka injin fesa, ka zaɓi duk launin da ka ga dama, ban da shuɗi da fari. Yanzu ɗauki samfefarka, gefen can da ka ce ka gama har daga nan ina hango ramuka.