Sunan da ke jikin jirgi mai fukafukai uku

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga hoton. Ka tambaye ni al'adar nan ta rubuta suna a jikin jirgin sama, ko kwalliya ce kawai, da dalilin rubutun da ke gefen wannan tsohon jirgin mai fukafukai hawa uku.

Raɗa wa abin hawa suna ya girmi jirgin sama nesa ba kusa ba, masu jiragen ruwa ne suka saba da shi. Amma na hoton nan akwai labari a bayansa. Wani Bature ɗan Ingila, A. V. Roe, shi ya ƙera shi a 1909, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da ke fadamar Walthamstow, gefen Landan. Hannunsa ba kauri. Injin da ya samu na kamfanin JAP ne, masu injin babur, ƙarfin doki 9 kacal. Da takarda ya lulluɓe fukafukan, ka ji fa, takarda, saboda tsadar yadi da nauyinsa. Jera su uku da ya yi ma dabara ce: inji mara ƙarfi sai da faɗin fiffike mai yawa, dogon fiffike guda na katako kuwa karyewa zai yi. Sai ya ɗora gajeru bisa juna, ya ɗaure da sanduna da waya.

Ranar 13 ga Yuli ya ɗaga, ya yi tafiyar kamar mita 30 a sama. Bayan kwana goma ya yi wajen mita 280. Kada ka raina, shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya tashi a jirgi ƙirar ƙasarsu tun daga inji har fiffike.

To, wa ya tallafe shi? Ƙanensa Humphrey, mai masana'anta a Manchesta inda ake yin igiyar rataya wando a kafaɗa, mai tambarin Bullseye. Wannan sunan ne ka gani a jikin jirgin. Wasu za su ce talla ce, ban musa ba. Ni dai abin da ya taɓa zuciyata, Roe, da yake babban wa, bai ji nauyin shaida wa duniya cewa da kuɗin ƙanensa ya tashi ba. A 1910 su biyun suka kafa kamfanin ƙera jiragen sama na Avro.

Jirgin yana nan a gidan tarihin kimiyya na Landan. In Allah ya kai ka, ka matsa kusa ka dubi sirantar sandunan nan. Ka gaida mahaifiyarka.