Fentin daɓe da jan siminti: amsar tambayoyinku

Wani ɗan'uwa daga Auyo yace: "Malam nayi wa shagona daɓen siminti, bayan sati biyu na shafa fenti mai mai, damina na sauka ya fara kumbura yana ɓarewa, ga wani farin abu kamar kanwa yana fitowa. An ce in sayi ifoksi, in saya?"

Ɗan'uwa dan Allah riƙe kuɗinka tukuna. Da farko dai kayi gaggawa, sabon siminti sai ya kwana 28 kafin a ɗora masa fenti, kai kuma ka rufe shi da sauran ruwa a jikinsa. Amma abinda yafi damuna shine farin abin nan, gishiri ne da damshi ke ɗaukowa ya biyo ta ƙananan kafofin simintin, ruwan ya bushe ya barshi a sama, kuma ku mutanen ƙasar Haɗeja kun fi kowa sanin ruwa baya nisa a ƙasa. Ifoksi, wani shafin daɓe ne mai tauri kamar roba, yafi fenti ƙarfi ba musu, amma baya barin daɓe yayi numfashi, in damshi na turowa daga ƙasa shima haka zai tashi, ga tsada, ga shi gwangwani biyu ne da in ka haɗa su dole ka gama shafawa cikin ɗan lokaci ko ya daskare maka a bokiti.

Ka kankare fentin gaba ɗaya, ka goge farin da burushin waya, sai ka samu leda ka shimfiɗa a wuri guda ka liƙe gefunanta da salatif ta kwana ta yini. In ka ɗaga kaga gumi a jikinta ko wurin yayi duhu, toh ka haƙura da fenti, ko dai ka barshi haka ko ka tara kuɗin tayil. In a bushe yake, musamman in da damina kayi gwajin, sai a yi maganar ifoksi. Masu shirin sabon gini kuma ku shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, wlh kuɗinta bai kai rabin wannan asarar ba.

Wata uwa daga wajen Bichi tace: "Bikin 'yata ya matso, ɗakin za'a yiwa daɓe, jan siminti yafi ko fenti?"

Hajiya Allah ya sanya alheri. Jan siminti nake zaɓar miki, domin kalar a cikin jikin daɓen take, janyo gado da kujera bazai ɓare ta ba. A sayo garin kalar a wajen masu kayan gini, in an shiga Kano akwai a Ƙofar Ruwa, magini ya gauraya shi da siminti a bushe sosai kafin a zuba ruwa, in ba haka ba ɗakin ya fito dabbare-dabbare. Kada ya wuce kilo 5 a buhu mai kilo 50, yawansa na rage ƙarfin siminti. A riƙa yayyafa ruwa har kwana 7, balle da hunturu da iska ke tsattsaga daɓe tun bai kama ba.

In ya cika kwanakinsa 28 sai a shafa sila, wani ruwa ne mai sheƙi dake toshe kafofi kada manja da shayi su kama, aikin da iyayenmu ke yi da ruwan makuba a daɓen ƙasa kenan. Shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu, in aka labta sai yayi fari-fari kuma yayi santsi. Amarya ta riƙa share yashi kullum dan shine ke cinye sheƙin, guga da ruwan sabulu kaɗan ya isa, banda asid ɗin wanke banɗaki. Bayan shekara 2 ko 3 a ɗiga ruwa, in daɓen ya shanye shi nan take, a sake shafawa.